Yadda Ake Shirya Tafiyar Nutso Zuwa Tsibirin Zanzibar Ba Tare da Aljihu Ya Huje Ba

Nutso da tukunyar iska goye a baya wasa ne mai cin kuɗi, babu amfanin a ɓoye maka. Sai dai yawancin abin da mutane ke ɓarnatarwa a irin wannan tafiya a tudu yake salwanta: tikitin da aka saya a gurguje, otal mai kallon teku, tasi daga filin jirgi, abincin da aka dafa don baƙi 'yan yawon buɗe ido. A nan ne za ka matse hannu iya ƙarfinka. Iskar da za ka shaƙa da malamin da zai tsaya a kanka a ƙarƙashin ruwa kuwa ba wurin neman ragi ba ne, kuma a kan wannan rabon aka gina duk shirin da ke ƙasa.

Na ɗauki Zanzibar ne bayan na auna ta da wasu. Tsibirin Koh Tao na Tailan ya yi suna da arhar kwas, amma kafin ka biya jirgi daga Afirka ta Yamma zuwa Bankok, ka haɗa da wahalar biza, ragin ya tafi. Tsibiran Maldif ƙasar Musulmi ce, kuma tun 2009 aka yarda mutanen gari su buɗe ƙananan masaukai, sai dai komai na can daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana nuna hakan. Zanzibar tana nan gefen gabas na nahiyarmu, a Tekun Indiya, cikin ƙasar Tanzaniya. Kusan duk mutanenta Musulmi ne, ba za ka yi ta tambayar wa ya yanka naman ba, masallaci kuma yana kusa duk inda ka sauka. Ruwanta ɗumi gare shi, tsakanin digiri 25 da 29 duk shekara.

Ka fara da likita, ba da tikiti ba

Duk cibiyar nutso ta kirki za ta miƙo maka takardar tambayoyin lafiya kafin ka taɓa kayanta. Tana tambaya a kan asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga, tiyatar kunne ko ta ƙirji, da juna biyu. Wanda ya haura shekara 45 kuma yana shan taba ko jininsa yana hawa, ana ƙara masa tambayoyi. Idan ka amsa da e a wasu wuraren, sai likita ya sa hannu. Takardar tana nan kyauta a intanet, ka sauke ta tun kana gida, ka kai wa likitanka. Ganin likita a Kano ko Zinder ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman likita a ƙauyen bakin teku, kwanakinka suna ƙonewa kana biyan kuɗin ɗaki.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu fiye da yawancin baƙin da ke zuwa can, wato sikila. Mai SS ba ya nutso da tukunya, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar iyo suna iya tayar masa da ciwo a inda babu mai ceto. Mai AS ya gaya wa likita ƙarara, ya bi abin da ya ce. Mai juna biyu ita ma ta haƙura sai ta sauka. Kada ka yi ƙarya a takardar don gudun kuɗin likita, jikinka ne zai biya.

Tun da ka je asibiti, ka gama da maganar rigakafi. Mai fitowa daga Najeriya ko Nijar sai ya nuna katin allurar shawara. Allurar tana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan za a rubuta maka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ka ce za ka yi nutso. Likitocin nutso ba sa son mefulokwin, saboda jiri da ruɗewar da yake sa wasu suna kama da alamun ciwon nutso, wato ciwon da ke kama wanda ya taso daga zurfi a guje, sai a kasa gane wanne ne.

Iyo

Kwas ɗin farko yana da jarrabawar ruwa guda biyu: ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ba a ƙayyade maka lokaci ba, ko mita 300 da gilashin fuska da takalman iyo da bututun shaƙa; sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba gasa ba ce, amma wanda iyakar ruwansa wankan kududdufi na yarinta ne ba zai ci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sami otal ko filin wasa mai wurin iyo a garinku, ka biya mai koyarwa na wata biyu ko uku. Abin da kake nema shi ne ka saba da ruwa a fuskarka, ka iya fitar da numfashi ta hanci a ciki ba tare da ka zabura ba. Wannan shi ne ragi mafi girma a duk tafiyar, domin ɗalibin da ya firgita sai an ƙara masa kwana, kowane kwana kuma da dala ake biyan sa.

Biza ita ce mai jan lokaci

Tanzaniya tana da jerin ƙasashen da ba a ba 'yan cikinsu biza a filin jirgi, sai an tura takardunsu ga hukumar shige da fice ta amince tukuna. Najeriya da Nijar da Chadi duk suna cikin jerin. Mai fasfon Gana kuwa ba ya bukatar biza. Ana cikewa ne a shafin intanet na hukumar, kuɗin bizar gama-gari dala 50 ne, kuma hukumar da kanta tana ba masu irin fasfonmu shawara su nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma su biya tikiti ko masauki sai amsa ta fito. Ka ɗauki wannan shawara da gaske. Ka kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta, ka nemi cibiyar nutson da ka zaɓa ta rubuto maka wasiƙar cewa tana sa ran zuwanka, ka haɗa da sauran takardu. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Ka shiga shafin da kanka ka karanta ka'idar ranar, domin dokar biza ba ta zama wuri ɗaya, kuma ka guji dillalan da ke cewa suna da hanya.

Sai inshora. Tun ranar 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin, dala 44, mai aiki har kwana 92, ko da yana da wata daga gida. Ka biya ta intanet ka ajiye shaidar a waya da kuma a takarda. Amma kada ka ɗauka ta rufe maka komai. Maganin ciwon nutso ɗaki ne na musamman da ake rufe mutum a ciki a ƙara matsin iska, kuma kuɗin wannan da na ɗaukar majiyyaci a jirgi ya isa ya cinye gida. Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a 1980 don lafiyar masu nutso, tana sayar da inshora ta gajeren lokaci. Ka saye ta ko wata irinta, ka tabbata kalmar nutso da zurfin da za ka kai suna rubuce a ciki.

Wane wata?

Iskoki biyu ne ke juya shekarar Zanzibar. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce, da zafi, ruwa a kwance kuma garau. Daga Yuni zuwa Satumba ta kudu ce, da ɗan sanyi da kaɗawar teku. Babbar damina daga tsakiyar Maris ce zuwa ƙarshen Mayu, ƙaramar kuma a Nuwamba zuwa farkon Disamba. Tsada tana kai ƙarshe a Yuli da Agusta, lokacin hutun Turai, da kuma makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara.

A Afrilu da Mayu ɗakuna suna faɗuwa warwas, har wasu otal-otal su rufe. Mutum zai ce ga banza ta faɗi, amma ruwan sama yana iya hana jirgin masu nutso fita kwana biyu a jere, teku ta yi duhu. Ni a ganina mai kwana takwas ko tara kacal bai kamata ya yi wannan caca ba. Ka nemi gefen kakar: farkon Yuni, ko Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ko ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Ka kuma duba kalandar Musulunci. Nutso da azumi ba sa haɗuwa, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon nutso, kuma a Ramadan ƙananan gidajen abincin da kake dogaro da arharsu a rufe suke da rana.

Tikiti

Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Legas da Yamai, a sauya jirgi a Adis Ababa, a sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar. Daga Legas akwai Kenya Airways ta Nairobi. Ka gwada farashi biyu kullum, na sauka a Zanzibar da na sauka a Darussalam. Idan na biyun ya fi arha da tazara mai kyau, jirgin ruwa mai gudu yana haye da kai cikin kamar awa biyu, a kan dala talatin da 'yan kai ga baƙo. A tashar ka wuce masu tare ka kai tsaye zuwa tagar kamfanin. Idan bambancin bai wuce kuɗin jirgin ruwa da tasi da wataƙila kwana ɗaya a Darussalam ba, kada ka wahalar da kanka.

Agogon can yana gaban na Najeriya da awa biyu. Ban da wannan, mutanen gari suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka ƙarfe ɗayansu bakwai ɗinka ce ta safe. Duk wanda ya ba ka lokaci, ka sa ya nuna maka a fuskar waya.

Inda za ka sauka

Babban tsibirin shi ne Unguja, kuma wurin kwananka ya bi wurin nutsonka. Nungwi da Kendwa suna can ƙuryar arewa, kamar kilomita 60 daga birni. A nan cibiyoyi suka fi yawa, gasa tana rage farashi, kuma ruwa ba ya janyewa da nisa, jirgi yana fita kusan kowane lokaci. Matemwe a arewa maso gabas ta fi kusa da Mnemba, wato zoben murjanin da ya fi kowane suna a Unguja, inda ake ganin kunkurun teku da garken kifaye masu launi, wani lokaci har da dolfin. Can shiru ne, amma abinci mai arha bai kai na Nungwi yawa ba, kuma cikar teku da janyewarta ne ke yanke lokacin fita. Daga tsohon garin Stone Town ma ana fita zuwa Bawe da Pange, wurare marasa zurfi masu kyau ga ɗalibi, ga kuma arhar kwana da ci. Tsibirin Pemba da tudun ƙarƙashin ruwa na Leven ka bar su sai wani zuwan, igiyar ruwansu ta ƙwararru ce.

Ga mai koyo da ƙaramin aljihu, Nungwi na fi so. Ka kama ɗaki a cikin gari, tafiyar minti biyar ko goma daga bakin ruwa. Da zarar ka bar layin farko na otal-otal, farashi ya karye. Gado a ɗakin haɗaka yana kamawa daga dala goma sha, ɗaki mai fanka da banɗaki kuma daga talatin zuwa hamsin. Akwai harajin kwana na 'yan daloli da gwamnati ta ɗora wa kowane baƙo, ka tambaya ko yana cikin farashin. Ka tambayi cibiyar nutson ma, da yawa suna da masaukin da suke turawa da ragi.

Zaɓen cibiya

A nan za ka zauna ka ɓata lokaci. Manyan ƙungiyoyin da ke ba da shaidar nutso su ne PADI, wadda aka kafa a 1966, da SSI ta 1970, da CMAS ta 1959. Katin kowacce yana aiki a duk duniya, ba ya kuma ƙarewa. Kada ka biya ƙari don suna. Na SSI sau da yawa ya ɗan fi sauƙi saboda kuɗin littattafai, abin da ake koyarwa kuwa kusan ɗaya ne.

Matakan da za a tallata maka uku ne. Akwai ɗanɗano na yini ɗaya, malami yana riƙe da kai, ba a wuce mita 12, babu shaida. Akwai cikakken kwas na farko, Open Water, kwana uku zuwa huɗu: karatu, darussa biyar a ruwa mara zurfi, nutso huɗu a teku, sannan katin da ya ba ka izinin mita 18. Sai na gaba da shi, nutso biyar, mai kai ka mita 30. A Zanzibar cikakken kwas ɗin yawanci tsakanin dala 400 ne da 600. Idan har ka koyi iyo a gida ka san ruwa ba ya firgita ka, tsallake ɗanɗanon. Idan kana shakka, ka yi shi a cibiyar da ta yarda za ta cire kuɗinsa daga na kwas in ka ci gaba.

Ka rubuta wa cibiyoyi uku ko huɗu ta WhatsApp ko imel, ka yi musu tambayoyi iri ɗaya. Farashin ya haɗa da hayar kaya, da littafi, da kuɗin katin shaida, da kuɗin shiga yankin Mnemba da ake karewa? Ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya? Ka'idar PADI ta yarda har takwas, amma kai ka nemi huɗu ko ƙasa. Akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a cikin jirgi? Ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa, kuma yaya ake kai mutum? Idan iska ta hana fita ko kunnenka ya ƙi, ana mayar da kuɗi ko ana ɗaga rana? Yadda suka amsa ma amsa ce. Wanda ya kauce wa tambayar oksijin ya koma yi maka zancen ragi, ka rufe maganarsa. Ka kuma duba sunan cibiyar a shafin ƙungiyar da ta ce tana ƙarƙashinta, domin manna tambari a bango ba wuya.

Ragin halal yana nan. Ana rage wa mutum biyu ko uku da suka zo tare, ana rage wa wanda ya sayi nutso shida ko goma a dunƙule, ana rage wa mai biya da tsabar kuɗi tun da kati yana da nasa caji. Ka nemi a turo maka karatun ta intanet ka gama shi a gida, ka tsira da yini guda na zaman aji. Abin da ba za ka yi ba shi ne saye a hannun 'yan kamashon bakin teku. Za su tare ka da fara'a da farashin da ya kai rabin na kowa, ba ka san jirgin wa za su sa ka ba. Araha ba ta ado.

Kada ka biya duka kafin ka ga wurin da idonka. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, ranar da ka isa ka shiga ɗakin kayansu. Dubi wuyan tukwanen, akwai tambarin ranar da aka gwada su. Ɗauki abin shaƙar, ka duba robar bakin ko ta yage, ka danna maɓallin gaba ka sansana iskar. Iskar kirki ba ta da wari ko kaɗan. In ka ji ƙaurin mai ko hayaƙi, injin cika tukwanensu yana zuƙar abin da bai kamata ba, kuma wannan yana kisa. Ka ɗauki jakarka.

Kayan da za ka saya da waɗanda za ka bari

Kusan komai haya ne kuma yana cikin kuɗin kwas: tukunya, abin shaƙa, jaket mai hura iska, rigar roba, takalman iyo, darmar da ake ɗaurawa a ƙugu. Kada ka sayi ko ɗaya. In za ka sayi abu guda, gilashin fuska ne, domin wanda bai zauna maka ba zai yi ta yoyo ya ɓata maka rana. Gwajinsa da sauƙi: ɗora shi a fuska ba tare da igiyar ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci, in ya manne ya zauna, naka ne. Masu gashin baki su rage layin da ke dab da hanci, ko su shafa man silikon, in ba haka ba ruwa ta nan zai riƙa shiga. Gemu ba ya hana komai.

Hajiya, ke ma wannan tafiya taki ce. Rigar roba doguwa tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ki haɗa da hular iyo mai rufe kai da wuya wadda ba ta da fil ko bakin da zai yi ta yawo, ki ɗora doguwar riga mai saurin bushewa a jirgi. Ki tambaya tun a saƙon farko ko suna da malama mace, wasu cibiyoyin suna da su.

Sauran ƙananan abubuwa ne: gorar ruwa, maganin amai na jirgi ko ɗanyar citta, hula, takalmin roba saboda ƙayoyin teku da ke kwance a inda ruwa ya janye. Kada ka zuba kaya a leda, Tanzaniya ta hana ta tun Yunin 2019. Dalar da za ka saya a Wapa ko wurin 'yan canjin garinku ta zama sabon bugu, mara yagewa ko rubutu, domin tsofaffin takardu ana ƙin karɓarsu. Katin banki na naira kada ya zama shi kaɗai ne madogararka.

Cikin ruwa

Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda kake shaƙa yanzu, an dai matse ta har ma'aunin ya nuna 200. Kowace mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na duk iskar da ke kanmu a tudu. A mita 10 matsin ya ninka, iskar da ke kowane gurbi na jikinka ta tsuke ta koma rabi, in ka taso kuma ta kumbura. Daga nan dokoki uku suka fito.

Ta farko, kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya cika huhu a ƙasa ya taso bai fitar ba, huhun yana iya fashewa ko da daga 'yan mitoci ne. Ta biyu, kunne. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos ya san yadda kunne ke toshewa, to a ruwa abin ya fi haka sauri da ƙarfi. Ka toshe hanci da yatsu ka hura a hankali, tun daga mitar farko, kafin ka ji zafi. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake. Mai mura ba ya nutso, kuma kada ka sha maganin buɗe hanci don ka yi dabara, yana iya sakin ka kana ƙasa iskar ta rasa hanyar fita. Ta uku, tasowa a hankali. A ƙasa jini yana shan naitirojin, wani sashe na iskar da kake shaƙa, in ka taso a guje sai ta zama kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi, wannan ne ciwon nutso. Ba a wuce mita 18 a minti ɗaya, kwamfutocin da masu nutso ke ɗaurawa a hannu ma rabin haka suke so, sannan a tsaya minti uku a mita biyar kafin a fito.

Darasin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne fitar da ruwa daga gilashi. Kuna durƙushe a kan yashi, malami ya nuna ka, ka ɗaga gefen gilashin ruwan gishiri ya cika shi har ya rufe maka hanci. Zuciya za ta ce maka tashi. Kada ka tashi, iskarka tana nan a baki. Ka ja numfashi ɗaya, ka danne saman gilashin da yatsu biyu, ka ɗaga kai sama kaɗan, ka hura ta hanci. Za ka ji ruwan yana gangarowa ta ƙasa, ka buɗe ido ka ga malamin ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe, yana tambayar ko lafiya. Da zoben za ka amsa. Ɗaga babban yatsa a can ba yabo ba ne, ma'anarsa mu hau sama.

Ka riƙa duba ma'aunin iska ba sai an tambaye ka ba. In ya kai 100 ka sanar, ka kuma fito da 50 a ciki. Kada ka rabu da abokin nutsonka. Kada ka taɓa komai: murjani dabba ce mai rai, wani nau'inta yana ɗaukar shekaru kafin ya yi tsawon yatsa, kuma akwai kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse.

Ci da zirga-zirga

Tasi daga filin jirgi zuwa Nungwi yana cin dala arba'in zuwa hamsin. Daladala, wato motar haya ta gari, tana tashi daga wajen kasuwar Darajani, mai lamba 116 ce ta Nungwi, kuma kuɗinta bai kai dala biyu ba. Za a matse ka da buhuna da bokitan kifi, za a tsaya a kowane ƙauye, amma za ka isa. Ka canza dala zuwa shilin a birni, canjin bakin teku ba shi da daɗi.

Ka ci inda ma'aikatan jirgin ke ci. Shinkafa da wake da romon kwakwa, filau, capati da shayi mai kayan ƙamshi da safe, soyayyen dankali da ƙwai, tsiren da suke kira mishkaki, duk da shilin kaɗan. Kasuwar dare ta Forodhani ta cancanci zuwa sau ɗaya, amma ka tambayi farashi kafin a zuba maka, ka kuma bar kifin da ya daɗe a shanye a tebur. Gudawa ranar kwas asarar yini ce. Ka sha ruwa fiye da yadda ka saba. Ka ware wani abu na ihsani ga matuƙin jirgi da yaran da ke ɗaukar tukwane, kada tsimin ka ya faɗa a kansu. Jiragen safe yawanci suna dawowa da rana tsaka, Azahar ba ta kuɓuce maka, sai dai ka tuna alƙiblar can arewa take kallo.

Jera kwanakin

Ga tsarin da ya ishi mai koyo. Ranar farko ka kwana a Stone Town ka huta, ka canza kuɗi, ka sayi layin waya. Ta biyu ka hau daladala zuwa arewa ka duba cibiya. Ta uku zuwa ta shida kwas. Ta bakwai ka bar ta a buɗe: in iska ko kunne sun ci maka rana, da ita za ka cike, in komai ya tafi daidai ka sayi nutso biyu a Mnemba da sabon katinka. A lissafin kuɗi ma haka, ka ajiye kamar kashi ɗaya cikin goma da ba ka sa masa suna ba.

Ranar ƙarshe ta tudu ce, ba don yawo kawai ba. Matsin iska a cikin jirgin sama ya fi na ƙasa rauni, kuma naitirojin da ta rage a jikinka tana iya kumfa a can. Ka'idar ita ce awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, cibiyoyi da dama kuma cewa suke a cika 24. Wannan ya haɗa da ƙaramin jirgin da ke tsallakawa Darussalam, jirgin ruwa ne kawai babu laifi. Ka koma birni ka zaga lungunan tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ka sayo kanumfari da kirfa na tsaraba a Darajani. In a wannan yinin ka ji ciwon gaɓa da ba ka san dalilinsa ba, ko wani sashe na jiki ya yi maka dindiris, ko gajiya ta fi ƙima, kada ka ce bari in isa gida tukuna. Ka kira cibiyar da lambar gaggawa ta inshorarka nan take, ka ɗaga tikitin.